Mai koyon ginin shafin intanet da kansa

A Tsibiri, da Maraɗi, da Jiratawa, da wuya a shiga gida yau a rasa salula. Wani yana jin labarai da ita, wani yana tambayar kuɗin tiyar gero, wani yana gaida ɗan'uwansa da ke ci-rani. Idan aka shiga intanet, rubutu da hotunan da ke fitowa a fuskar salula su ake kira shafi. Kowane shafi mutum ne ya zauna ya gina shi. Ginin shafi sana'a ce, kamar ɗinki ko ƙira. Amma ita wannan sana'a, mutane da yawa sun koye ta da kansu, ba su taɓa zama gaban malami ba.

Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙago shafukan intanet. A shekara ta 1989 ya kawo shawarar, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwis. A 1993 cibiyar ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta. Shi ya sa yaron Tsibiri ba ya neman iznin kowa kafin ya gina shafinsa.

Da me ake gina shafi?

Da harsuna uku ake gina shi. Ba harsunan magana ba ne irin Hausa ko Zabarmanci. Harsunan umurni ne, waɗanda kwamfuta ke ganewa.

A ɗauki misalin rumfa a kasuwar Maraɗi. Da farko sai an kafa rumfar, an kawo kaya. Wannan shi ne aikin HTML: shi ke faɗin ga kan magana, ga sakin layi, ga hoto. Daga nan sai a jera kayan yadda za su ja ido, atamfa nan, shadda can. Wannan aikin CSS ne: launi, da girman baƙaƙe, da wurin da kowane abu zai zauna. Saura yaron rumfa, mai amsa ciniki, mai lissafin kuɗi, mai ba da canji. Shi ne JavaScript, wanda aka ƙago a 1995. Idan aka taɓa wani wuri a shafi ya amsa, to sau da yawa aikinsa ne.

Da HTML ake farawa, kuma ba shi da wuya. Mai koyo ya buɗe wurin rubutu a kwamfuta, ya rubuta layi biyu kamar haka:

<h1>Tsibiri</h1>
<p>Nan ne gidan sarautar Gobir.</p>

Sai ya ajiye rubutun da suna index.html, ya buɗe shi da mabuɗin shafuka, irin su Chrome ko Firefox. Nan take zai ga sunan Tsibiri da manyan baƙaƙe, jimlar kuma tana ƙarƙashinsa. Alamar farko tana buɗewa, ta biyu mai karkataccen layi tana rufewa, kamar yadda ake buɗe ƙofa a rufe. Wannan aiki duka ba ya bukatar intanet. Ko da salula ana iya yin sa, sai dai yatsa yana wahala.

Akwai abu guda da ya shafi mai rubuta Hausa. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, sukan fito a hargitse idan ba a gaya wa shafi irin rubutun da ke cikinsa ba. Maganin abin shi ne a sa wannan layi a kan shafin: <meta charset="utf-8">. Ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasa dabam, kasa dabam. Ɓata dabam, bata dabam.

Waɗanda suka koya da kansu

A ƙasar Faransa an yi wani yaro, Mathieu Nebra. A 1999 yana da shekara 13. Ya so ya koyi HTML, amma littattafan da ya samu duk na waɗanda suka riga suka iya ne. Da ya fahimci abin, sai ya sake rubuta shi da sauƙin magana, ya sa a shafin da ya kira Site du Zéro, wato shafin wanda bai san kome ba. A 2013 shafin ya zama OpenClassrooms. Darussansa da yawa da Faransanci suke, harshen da ƴan makarantar Nijar ke koyo tare da nasu.

A Amurka kuma akwai Quincy Larson. Shi malamin makaranta ne, sai da ya kai shekara 30 da ɗoriya ya fara koyon wannan aiki. A 2014 ya buɗe freeCodeCamp, inda ake koyo kyauta. Ɗaya yaro ne, ɗaya magidanci.

Inda wuyar take

Darussa suna nan birjik, da yawansu ba a biyan ko dala. Duk da haka masu farawa sun fi masu gamawa yawa nesa ba kusa ba. Me ya sa?

A makaranta ana buga ƙararrawa. Malam yana kiran suna, yana duba kaye, yana ba da maki. Wanda ya yi fashi, gida za su ji. Mai koyo da kansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan ya kwanta bai yi darasi ba, babu mai tambayarsa. Gobe ma haka. Kafin ya farga wata ya wuce, abin da ya koya ya zube. Saboda haka dole ya zama shi ne ɗalibi, shi ne malam, shi ne mai ƙararrawa.

Abu na farko shi ne lokaci. A tsai da sa'a guda, kullum ita ce. Wani bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Wani bayan isha'i. Da damina, sa'ad da noma ya ɗauke safiya, sai a mai da ita yamma, amma kada a bar ta. Rabin sa'a kullum ya fi yini guda cur a ƙarshen wata. Da yayyafi kogi kan cika. A 2016 wani mai koyo, Alexander Kallaway, ya ɗaukar wa kansa alkawari: sa'a guda kowace rana, har kwana 100, kuma kullum ya faɗa wa jama'a abin da ya yi. Mutane a ƙasashe da yawa sun bi sawunsa. Dabarar tana cikin faɗa wa jama'a. Wanda ya gaya wa abokinsa zai yi abu, kunya ma tana tayar da shi.

Abu na biyu, salular ita kanta. Ita ce makaranta, ita ce kuma dandali. Yaro ya sayi kuɗin intanet don darasi. Ya buɗe, sai ga saƙon WhatsApp. Daga saƙo sai bidiyon kokowa, daga kokowa sai wasan dariya. Kuɗi ya ƙare, caji ya ƙare, darasi yana nan inda aka bar shi. Mai wayo yakan sauke darasinsa tukuna, ya kashe intanet, sa'an nan ya zauna aiki.

Abu na uku ya fi ɓoyuwa. Mutum yana kallon gwani a bidiyo yana gina shafi, sai ya ji kamar shi ma ya iya. Bai iya ba. Wanda ya yini a bakin maƙera bai zama maƙeri ba sai ya riƙe masaba. Almajiri ya san wannan: ya rubuta allonsa da hannunsa, ya karanta, ya wanke, ya sake rubutawa. Haka mai koyon shafi zai yi. Ya rufe darasi, ya rubuta umurnin da ka, ya buɗe ya gani. Idan an ɗauke wuta, ko caji ya mutu, kaye da bik sun isa. A rubuta a takarda, wuta ta dawo a gwada.

Kuskure kuwa ba makawa. A manta alama guda ta rufewa, sai shafi duka ya rikice, rubutu ya yi girma inda bai kamata ba, ko hoto ya ƙi fitowa. Nan ne mutane da yawa ke cewa kansu ba ya ja. Ba kai ba ne. Kwamfuta ce ba ta san uzuri ba, abin da aka rubuta shi take bi. Sai a bi layi-layi da yatsa, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake. Idan abin ya faskara, a tashi a sha ruwa, a dawo. In ya ƙi, a tambayi wanda ya fi sani, ko cikin ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi. Koyo da kai bai hana tambaya ba.

Aikin farko

Darasi kaɗai yana gundura. Gara mai koyo ya zaɓi ƙaramin aiki na gaske, wanda zai iya gamawa. Ga masu lambun Jiratawa da zogalensu: shafi guda mai hoto, da kuɗin buhu, da ranar da ake tsinka. Ga jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Ga tarihin sarakunan Gobir, wanda tsofaffin Tsibiri ke riƙe da shi a ka. Makon farko a rubuta bayanin da HTML. Mako na biyu a sa hoto. Na uku a yi masa launi da CSS. A kan kaye a ja layi, kowace rana aka yi aiki a sa alama, ranar da aka yi fashi a bar gurbinta fari. In shafin ya kammala, a kai wa mai lambun ya duba a salularsa, ya faɗi abin da aka manta.