Amsoshin Wasiƙunku: Wace Tiyatar Yaro Ce Za Ta Iya Jiran Kaka?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani manomi a ƙasar Ajingi. Ya ce an yi masa haihuwa, jaririn ya zo da tsagaggen leɓe, kuma hannunsa babu kuɗi sai an cire amfanin gona. Yana tambaya ko zai iya jira.

To Malam, Allah Ya raya. Amsar ita ce, lalurorin da ake haifar yara da su iri biyu ne: akwai mai ba da lokaci, akwai wadda ba ta kwana.

Mu fara da ta gaggawa. Jariri kan yi baƙin kashinsa na farko cikin awa 24, in ya daɗe 48. Idan bai yi ba, ciki ya kumbura, ko yana amai kore, to hanji ya toshe. Wani ma babu ƙofar dubura ake haifarsa, don haka ungozoma ta duba tun a wankan farko. Kada a kira wanzami ya huda, domin sau da yawa hanjin can sama ya tsaya, aska ba ta kai masa, sai dai ta jawo zubar jini. A ranar za a tafi Babban Asibitin Gaya, su kuma su tura ku Kano ta Wudil, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Likita kan fara buɗe wa kashi hanya a gefen ciki, bayan watanni a gyara duburar, sannan a rufe ta cikin.

Haka ma kaba. Kumburin matsematsi da ke fitowa in yaro yana kuka, ya koma in ya yi shiru, a kai shi a sa ranar aiki. Amma ran da ya yi tauri ya ƙi komawa, yaro yana tsala kuka yana amai, hanji ne ya maƙale. Ko da tsakar dare ne a nemi mota. Cibiya mai ɓullowa kuwa yawanci da kanta take rufewa kafin shekara 5.

Yanzu ga taka, Malam. Tsagaggen leɓe yana ba da lokaci. A duniya ana samunsa a wajen haihuwa 1 cikin 700, tun farkon watanni ukun ciki yake faruwa, ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iska ba. Akan ɗinke leɓe yaro yana wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 da 18, kafin magana ta zauna. Aikin yana iya kaiwa kaka, amma ganin likita kada ya jira. Irin wannan jariri kan sha wuyar kama nono, in kuwa ya rame ba za a yi masa allurar barci ba. Za a koya wa maijego ta zaunar da shi a miƙe, ta tatsa ta ba shi da cokali. Ka kuma tambayi asibitocin da ƙungiyar Smile Train ke tallafa wa, domin a can kyauta ake aikin.

Mai murɗaɗɗiyar ƙafa fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a makonnin farko, filasta ake sa masa ana canzawa duk mako, kamar sau 5 zuwa 8, a ɗan yanke jijiyar dunduniya, sannan ya riƙa kwana da takalmi na musamman har wajen shekara 4. In aka bari ya fara takawa, aikin ya girma, kuɗin ma haka.

Saboda haka, iyaye, kada kunya ta sa a ɓoye jariri a ɗaka. Likita ne zai ce a jira, ba aljihu ba. Sai mako mai zuwa, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Ku huta lafiya.