Yadda Za Ki Gane Darajar Tsohon Liyarin Azurfa

'Yan'uwana mata, a gidaje da dama na Zauro da ƙauyukan bakin fadama akwai wani babban kuɗin azurfa da ake gada wurin kaka ko uwa. Wasu na kiran sa liyari, wasu dala. Yakan kwana shekaru a ƙasan adaka, ko a rataye jikin abin wuya, har sai ranar da buƙata ta taso: kuɗin taki, man injin ban ruwa, asibiti, ko kayan ɗakin ɗiya. Ranar ce ake fito da shi cikin gaggawa, kuma cikin gaggawa ake cutuwa. A aikina na zagaya ƙungiyoyin adashi, tambaya biyu ake yawan yi mini a kansa: "Malama, wanga na gaske na?" da kuma "Nawa za ya yi?" Amsar duka biyun tana hannunki in kin san abin da za ki duba.

Mene ne liyari?

Kuɗin ƙasar Ostiriya ne, can Turai. Matar da ke jikinsa sarauniya ce, Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780. 'Yan kasuwan Larabawa da na Habasha sun amince da azurfarsa har ba su son a sake masa kama, don haka aka ci gaba da buga shi bayan rasuwarta da shekarar 1780 ɗin nan ba canji. An buga shi a Biyana, daga baya a Roma, Landan, Faris da Bombai, kuma har gobe ana bugawa a Ostiriya. Ayarin Sahara ne suka shigo da shi Barno da ƙasar Hausa. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya rubuta cewa a Kano ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500.

To, ga darasi na farko. Ganin 1780 a jiki ba ya nufin kuɗin ya haura shekara ɗari biyu. Na kakarki yana iya zama bugun zamanin Turawa. An buga miliyoyinsa, ba abu ne mai wuyar samu ba. Duk wanda ya ce miki saboda shekarar nan zai kawo miliyoyin naira, ki ba shi kuɗin mota ya kai wa wani mai saye a Legas ko Kwatano, ki riƙe kayanki. Darajar liyari tana cikin azurfar da ke jikinsa.

Kamannin na gaske

Faɗinsa wajen santimita 4 ne, nauyinsa giram 28. A fuska ɗaya akwai sarauniyar da mayafi a kai, da wani maɓallin ado a kafaɗa mai ƙananan ƙwayoyi kewaye da shi, ƙarƙashinta kuma haruffa biyu, S.F. A ɗaya fuskar akwai mikiya mai kai biyu, da 1780, da alama kamar X bayan shekarar. A gefensa, wato bakinsa, akwai rubutun boko da ya taso, za ki ji shi da yatsa ko ba ki iya karatu ba. An yi rubutun ne don a gane in wani ya kankare bakin ya rage azurfa.

Gwaji huɗu

Na ɗaya, sikeli. Ki kai wa masu sayar da gwal ko maƙerin fari a Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, a ɗora a ƙaramin sikelinsu a gabanki, ki karanta lambar da idonki ko ki tafi da wadda za ta karanta. Wanda ya sha hannu yakan ragu kaɗan, ya dawo 27 da wani abu. Amma in zanen jikinsa ya fito raɗau kamar sabo, sikeli kuwa ya nuna 24 ko 25, wannan jabu ne. Tagulla da farin ƙarfe ba su kai azurfa nauyi ba, sai dai a ƙara masa kauri. Saboda haka ki jera shi da wani da aka tabbatar, ki ga ko kaurinsu ɗaya.

Na biyu, mayen ƙarfe, irin wanda ke cikin lasifikar tsohuwar rediyo. Azurfa ba ta manne masa. In ya manne, magana ta ƙare. In bai manne ba, kada ki yi murna tukuna, don tagulla da dalma ma ba su mannewa.

Na uku, ƙara. Ki ɗora shi a kan ɗan yatsa, ki ƙwanƙwasa gefensa a hankali da wani tsabar kuɗi. Azurfa tana da ƙara siririya mai daɗewa a kunne. Dalma kuwa ƙwas za ki ji, shi ke nan. Amma na gaske ma in ya tsage ko an yi masa liƙi, muryarsa takan mutu.

Na huɗu, ido. Na gaske bugawa aka yi da inji, jabu kuwa yawanci zubi ne. Ki fita rana ki duba: ƙananan ramuka kamar na allura, haruffa da suka cakuɗe kamar sun narke, layin haɗi a bakinsa inda ya kamata a ga rubutu, ko ja ko rawaya da ke leƙowa a kuncin sarauniyar inda rufin ya goge. Kowanne daga cikinsu alamar zubi ne ko rufi.

Gwaji ɗaya ba ya isa. Sai huɗun sun yi daidai ake cewa an tabbatar.

Aji huɗu

Bayan kin tabbatar na gaske ne, sai ki sa shi a ajinsa.

Aji na ɗaya: ana iya ƙirga ƙwayoyin maɓallin kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, silin gashin sarauniya da gashin mikiya a rarrabe suke, rubutun baki cikakke. Tun da can da ƙwayoyin nan 'yan kasuwan Yaman da Habasha ke gane wanda bai suɗe ba.

Aji na biyu: kunci da gashi sun fara shafewa, ƙwayoyin sun haɗe, amma duk rubutu na karantuwa. Yawancin na gidajenmu nan suke.

Aji na uku: ya suɗe, sai inuwar fuska, rubutun baki ya kusa ɓacewa.

Aji na huɗu: mai huji, ko wanda aka liƙa wa kunne don ratayawa. Huji ya rage azurfa. Kunne kuma ya ƙara nauyi da abin da ba lalle azurfa ba ne, mai saye zai cire nauyinsa. Wannan ba ya mai da shi jabu, kada a ce miki haka.

Aji na ɗaya kawai ke iya samun ɗan ƙari wurin masu sha'awar ajiye tsofaffin kuɗi. Sauran ukun kuɗin azurfarsu za a biya.

Kada ki goge

Baƙin da ke jikin tsohuwar azurfa ba lalacewa ba ne, iska ce ta rina ta. Mai saye na iya cewa, "Hajiya, ai wanga ya yi baƙi, sai dai in taimaka miki." Baƙi ba ya rage giram ko ɗaya. Abin da ke ragewa shi ne dirza shi da toka, yashi ko soson ƙarfe, wanda ke mai da aji na ɗaya na biyu cikin minti biyar. Ki naɗe shi a tsumma busasshe, kowanne daban. Kada kuma ki yarda a karce fuskarsa da sunan gwaji kafin a daidaita ciniki.

Lissafin kuɗinsa

A kowane giram 6 na liyari, 5 azurfa ne, 1 jan ƙarfe. Ki raba nauyin gida shida, ki ɗauki biyar. Mai giram 27: kowane kashi 4.5, sau biyar ya zama 22.5. Sai ki tambayi kuɗin giram ɗaya na tsantsar azurfa a ranar, wurin mutum uku daban-daban, don farashin na hawa da sauka. A ce, don misali kawai, giram naira 1,000 ne: azurfar da ke ciki ta naira 22,500 ce. Mai saye zai rage ribarsa, wannan halal ne. Amma in ya taya rabin haka, kin san inda aka dosa.

Ba kowane farin kuɗi ne liyari ba. Dalar Faransa ta faran biyar giram 25 ce, kashi tara cikin goma azurfa. Daga ita ne 'yan'uwanmu na Nijar ke kiran sefa biyar dala. Fataka da sule masu hoton bishiyar kwakwar manja na 1913 zuwa 1919 azurfa ne masu kyau, na bayan 1920 kuwa tagulla ne. In kuma kika ga mai hoton sarauniyar da shekarar da ta gabaci 1780, kada ki sayar a kan nauyi, kada ki bari a narka. Shi ne tsoho na ainihi, yana iya fin kuɗin azurfarsa nesa.

In za a kawo shi ƙungiya jingina

Ba duka ƙungiyoyi ke karɓar jingina ba, ku duba dokarku. In kuna karɓa, ga shawarata. Ku fara tambaya: nata ne ita kaɗai, ko gado ne da ba a raba ba? In na gado ne, sai sauran magada sun yarda. Mutum uku su raka ta wurin awo, ba a cinikin biri a sama. Magatakarda ta rubuta nauyi, aji, da duk wani huji ko tabo, a ɗauki hoton fuska biyu da waya, a sa shi cikin akwati a gaban kowa. Bashin kada ya wuce kashi biyu cikin uku na kuɗin azurfarsa. Ranar biya a sake aunawa a gabanta kafin a miƙa mata, don kada zargi ya shiga tsakanin maƙwabta.

Wadda kuma ke shirin sayarwa don buƙatar wata biyu ko uku, ta fara kawo maganar a taron mako. Rance ana biyan sa bayan girbin shinkafa. Liyarin da ya shiga wutar maƙeri kuwa ya tafi ke nan.