Girman Mota Da Amfaninta: Abin Da Maigida Zai Auna Kafin Ya Sayi Kat-Kat Mai Buɗaɗɗen Baya

Duk wanda ya saba da tashoshin mota na Agadas, Tawa ko Damagaram ya san irin matsayin da mota mai buɗaɗɗen baya take da shi a rayuwar jama'a. Ita ce ke kai gero kasuwar ƙauye, ita ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti idan damina ta lalata hanya, a bayanta kuma ake ɗora ragunan layya da kayan amarya. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna kiranta a-kori-kura, a nan kuwa an fi saninta da bashe, wadda ƙafafunta huɗu ke ja kuma ana ce mata kat-kat. A ƴan shekarun nan hotunan jibga-jibgan motocin Amurka sun cika wayoyin matasa, har wasu masu hali sun soma ɗaukar cewa wadda ta fi girma ita ce ta fi ƙarfi da amfani. Tunda magana ce da ta shafi dukiyar iyali da rayukan mutane, ya kamata a tsaya a auna ta da kyau.

Yadda suka shigo mana

Dattawa ba za su manta da Peugeot 404 da 504 masu rufin tamfol ba, waɗanda suka daɗe suna jigilar ƴan kasuwa tsakanin Maradi, Katsina da Kano, musamman bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Motoci ne masu juriya da sauƙin gyara, sai dai ƙafafunsu na baya kaɗai ke ja, saboda haka rairayi mai zurfi ya fi ƙarfinsu. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ne ya cike wannan giɓi. Ya fito da Hilux a 1968, sannan a 1984 ya fito da jerin Land Cruiser 70, wanda daga cikinsa aka samu samfurin 79 mai buɗaɗɗen baya da ake gani a hanyar Dirku da Bilma.

Duniya ta ga abin da waɗannan motoci ke iyawa a 1987, lokacin da sojojin Cadi suka hau su suka fatattaki rundunar Libiya mai tankokin yaƙi a Fada cikin watan Janairu, suka kuma kama sansanin Wadi Dum a watan Maris. Har yau ana kiran wannan gumurzu da Yaƙin Toyota. Rashin nauyi da saurin juyawa a cikin rairayi su ne suka ba ƙananan motocin galaba a kan manyan ƙarafa, kuma wannan darasi ne da ya shafi mai sayen mota kamar yadda ya shafi soja.

Mu ɗauko ma'auni

Hilux mai ƙofa huɗu tana da tsawon kimanin mita 5.3, faɗinta kuma bai kai mita 1.9 ba. Ford F-150 mai ƙofa huɗu, wadda tana cikin jerin motocin da suka fi kasuwa a Amurka shekaru da dama, tsawonta ya kusa mita 6, faɗinta kuma ya ɗara mita 2 ko da ba a haɗa da madubai ba. Samfurinta na shiga daji da ake kira Raptor faɗinsa ya kai kimanin mita 2.2. An ƙera su ne domin ƙasar da ke da faffaɗan tituna da manyan wuraren ajiye mota. Mai karatu ya kwatanta wannan da lungunan unguwar Birni a Damagaram, ko tsohon garin Agadas, inda amalanke da babur ke ba juna hanya da ƙyar. Gidaje da yawa ƙofar garejinsu ba za ta karɓi irin wannan mota ba sai an rushe katanga, wanda bai rushe ba kuwa motarsa a waje za ta riƙa kwana.

A cikin daji ma tsawo yana da nasa cikas. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya a Hilux ta ɗan wuce mita 3, a F-150 mai ƙofa huɗu kuwa ta kusa mita 3.7. Duk lokacin da wannan tazara ta ƙaru, cikin motar ya fi saurin zama a kan ƙoƙuwar tudun rairayi ko gaɓar ƙorama, ƙafafu su yi ta juyawa a banza. Hanyoyin karkara kuma sawu biyu ne da ƙananan motoci suka fitar, ƙaya da kututture na gefe da gefe, don haka mota mai faɗi tayoyinta a kan ƙaya suke tafiya. Direbobin Tenere sun san cewa abin da ke fid da mota daga rairayi shi ne rage iskar taya domin ta shimfiɗu, da sanin giyar da za a sa, da kuma rashin cika kaya.

Abin da zai fi ba mutane mamaki shi ne nauyin da aka yarda kowace ta ɗauka. Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki abin da ya kai kimanin tan ɗaya, amma Raptor, duk da girmanta, abin da masu ƙera ta suka ƙayyade mata bai kai kilo 700 ba, domin an tausasa sifirin ɗinta ne saboda gudu da tsalle. Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai. Haka kuma ƙofa huɗu tana cin wurin kaya: bayan Hilux mai kujera ɗaya ya kai kimanin mita 2.3, na mai ƙofa huɗu kuwa kusan mita ɗaya da rabi ne. Manomi ko ɗan kasuwar da buhuna ne damuwarsa ya fi dacewa da mai kujera ɗaya, wanda kuma iyali zai riƙa ɗauka tare da ɗan kaya sai ya nemi mai ƙofa huɗu.

Mai da kayan gyara

Ranar saye ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Babban inji yana shan mai sosai, a cikin rairayi kuma shan kowace mota ƙaruwa yake yi ƙwarai a kan na kwalta. Injunan zamani masu kwamfuta ba sa jure gurɓataccen mai irin na kwalabe da ake sayarwa a bakin hanya, kuma idan suka tsaya sai an jona musu na'ura kafin a gane ciwonsu. Wannan ne ya sa direbobin hamada suka daɗe suna riƙe da tsohon injin gazuwal na Land Cruiser mai silinda shida da ake kira 1HZ, wanda bakanike zai iya kwancewa ya ɗaura da ƴan kayan aikin da ke cikin akwatinsa. Motar da sai an yi odar kayan gyaranta daga wata nahiya za ta iya shafe watanni a gareji, a daidai lokacin da iyali suka fi bukatarta.

Tan ɗaya ba ya zama biyu

A nan ne maganar ta fi nauyi. Tan ɗaya buhu goma ne na gero mai kilo ɗari, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da duk wanda ke zaune a motar. To, mai karatu ya ɗauki motar da aka ɗora wa mutum 25, kamar yadda aka sha gani a hanyar arewa. Idan kowane ɗaya yana da kilo 60, an samu kilo 1,500 ke nan. Idan kowa ya riƙo jarkar ruwa mai lita 20, an ƙara kilo 500, ba a ma yi maganar gangunan mai da jakunkuna ba. Motar tana ɗauke da ninki biyu na abin da aka ƙera ta dominsa. Birki ba ya kamawa yadda ya kamata, tayoyi suna zafi har su fashe, sifirin yana karyewa, kuma da yake nauyin ya taru a sama, kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya kifar da ita.

Lalacewar mota a hamada kuwa ba kamar lalacewarta a gari ba ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A 2017 wasu mutum 44 sun rasu ta irin wannan hanya tsakanin Agadas da Dirku. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya ɗauki mutane a mota ya ɗauki amanar rayuka, kuma kuɗin fasinja biyar da aka ƙara ba zai biya ran mutum ɗaya ba. Bayan mota wurin kaya ne, ba shi da kujera balle ɗamara, don haka iyaye su yi hattara da barin yara suna zama a kan bakin bodi idan za a je biki ko kasuwa.

Yaran da ke wasa a ƙofar gida

Akwai wani haɗarin da ke tattare da tsayin motar kanta. Duk yadda goshin mota ya yi sama, haka wurin da direba ba ya gani a gabansa ke ƙara faɗi, kuma ƙaramin yaro zai iya tsayawa daf da ita ba tare da an hango ko kansa ba. Wata cibiyar kamfanonin inshora da ke binciken haɗurran hanya a Amurka, IIHS, ta bayyana a 2023 cewa motocin da goshinsu ya haura kimanin mita ɗaya sun fi masu gajeren goshi mai gangara yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Dalili shi ne doguwar mota a ƙirji ko a ka take bugun mutum, ta tura shi ƙarƙashinta. A unguwanninmu, inda yara ke wasa a ƙofar gida, almajirai da masu talla ke ratsa titi, wajibi ne direba ya zagaya motarsa ya duba kafin ya tayar da ita, ya kuma sa wani ya tsaya masa idan zai yi baya.

Kafin a biya kuɗi

Wanda ya yi niyyar saye ya fara da tambayar kansa hanyar da zai fi bi a shekara. Idan zirga-zirgarsa ba ta wuce kwaltar Yamai zuwa Doso ba, ƙaramar mota za ta biya masa bukata, rarar kuɗin kuma ta tafi ga karatun yara da cefane. Idan gona ko kiwo ko fatauci ne ke kai shi inda babu kwalta, sai ya auna ƙofar gidansa da lungun unguwarsu da igiyar awo, ya duba takardar motar ya ga nauyin da aka ƙayyade mata, sannan ya je wurin bakaniken garinsu ya tambaye shi ko ya san injin, ko kuma ana samun kayansa a kasuwa. Wanda zai shiga hamada kada ya tafi shi kaɗai, ya bi ayari, ya ɗauki taya biyu na ajiya da shebur da ruwan da ya wuce na kwanakin tafiyarsa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma motar da ta yi daidai da hanyar mutum da aljihunsa ita ce za ta daɗe tana yi wa iyalinsa hidima. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.