Takardar da ke Bayan Manhajarka: Yadda Ake Kula da Bayanan Kwantenonin Docker

Duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar siyayya ko ta tura kuɗi a wayarsa, wani ɓangare na aikin ne kawai ke gudana a cikin wayar. Sauran yana can kan manyan kwamfutocin da ake kira saba, kuma da yawa daga cikin manhajojin da ke kansu a cikin "kwantena" suke aiki.

Kamfanin Docker ne ya yaɗa wannan fasaha bayan Solomon Hykes ya gabatar da ita a Amurka a 2013. Ana haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace saba. Daga wannan ƙunshi ake tayar da kwantena. Masu haɗa manhajoji kan sauko da ƙunshin da wasu suka riga suka shirya daga shafin Docker Hub.

Sai dai ƙunshi ba ya magana. Takardar bayanin da ke tare da shi ce ke faɗin yadda ake tayar da shi, inda yake ajiye bayanai da saitin da yake buƙata. Idan takardar ta tsufa, mai bin ta na iya yin ɓarna ba tare da ya sani ba.

Ƙunshin PostgreSQL, ɗaya daga cikin fitattun rumbunan adana bayanai, ya isa misali. A 2020 masu kula da shi suka sa ya daina tashi idan ba a ba shi kalmar sirri ba, sai dai in mutum ya bayyana ƙarara cewa ya yarda a shiga babu ita. Waɗanda suka saba da tsohon tsari sai suka ga kwantenoninsu sun ƙi tashi. A 2025 kuma, da fitowar PostgreSQL 18, aka sauya foldar da bayanai ke zama. Takardar ta yi gargaɗi cewa a sigar 17 da na ƙasa da ita, wanda ya haɗa ma'ajiyarsa da foldar da ba daidai ba zai rasa bayanansa idan aka sake gina kwantenar. A manhajar kasuwanci, waɗannan bayanai su ne sunayen kwastomomi da tarihin cinikinsu.

Shi ya sa ƙunshin da Docker ke kira na hukuma, irin su nginx, Python da Redis, suke da ma'ajiyar takardu ta musamman a GitHub mai suna docker-library/docs. Kowane ƙunshi yana da foldarsa. Mutane ne ke rubuta ainihin bayanin a fayil ɗin content.md, sannan akwai gajeren bayani da ba ya wuce haruffa 100, da fayil na lasisi. Wani ɗan shiri ne ke haɗa su, ya ƙara jerin sigogin da ake tallafa wa, ya fitar da shafin da ake gani. Ba a gyara wannan shafi da hannu, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaran. Kowa na iya aika gyara, amma sai masu kula sun duba kafin ya shiga. Docker Hub kuma ba ya ɗaukar bayanin da ya haura haruffa 25,000, don haka ake datse masu tsawo a tura mai karatu GitHub.

Takardar ce kuma ke sanar da mutuwar ƙunshi. Shafin openjdk yana ɗauke da sanarwar cewa an daina ba da shawarar amfani da shi, tare da madadi irin su eclipse-temurin.

Ga matashin da ke koyon haɗa manhaja, bidiyon YouTube na shekara huɗu da suka wuce na iya koya masa umarnin da ya riga ya sauya. Kafin ya kwafa, gara ya buɗe shafin ƙunshin, ko a waya ne, ya duba sigar da ake tallafa wa da wurin ajiyar bayanai. Idan kuma shi ya haɗa ƙunshin, ranar da ya sauya saiti, ranar ce ya kamata ya gyara takardar.