Duba Kafin Ka Taɓa

Yau za mu yi magana a kan wata sana'a ta masu zane, watau yin hoton ƙwanson teku da halittun gaɓar teku da fentin ruwa. Watakila ba ka taɓa ganin teku ba. Ba kome. Ai ka san wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Damagaram. Wurin nan ƙwanson wata 'yar halitta ne, daga tsibiran Maldif na tekun Indiya aka riƙa kawo shi. Irinsa mu ke nufi.

Mene ne fentin ruwa? Abu uku ne: garin launi wanda aka niƙa ya yi laushi, da ruwa, da ƙaro. I, ƙaron nan na dakwara wanda malam ya ke sa wa tawada. Har wa yau daga Sudan da Cadi da Nijeriya a ke kai mafi yawansa kasuwannin duniya. Sa'anda ruwan ya bushe, ƙaro ne ya ke riƙe launin bisa takarda. Launin kuwa ba shi da kauri. Farin takarda yana haskowa ta cikinsa, kamar yadda rana ta ke ratsa siririn mayafi. Domin wannan ya dace da hoton abu mai laima, mai sheƙi.

Amma ga wuyar abin. Fentin da a ke shafa wa ƙofa, in ka yi kuskure sai ka rufe da wani. Fentin ruwa ba haka ya ke ba. Wurin da ka sa duhu ba ya sake komawa fari sarai. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, haka buroshin mai zanen nan ya ke. Tilas ido ya gama aikinsa kafin hannu ya soma nasa.

Bari mu ce ga ƙwanso a gabanka. Me za ka yi?

Na fari, ka duba yadda aka gina shi. Halittar da ta zauna ciki ita ta gina shi, da wani abu dangin alli da ta ke fitarwa daga jikinta. A bakin ƙwanso ta ke ƙara gini, kaɗan kaɗan, shi ya sa ka ke ganin layi bayan layi. In irin mai murɗewa ne kamar katantanwa, ka riƙe shi tsininsa sama, bakinsa yana dubanka. Galibi za ka iske bakin a hannun dama. Wanda ya zana shi a hagu ba tare da ya duba ba ya yi wa ƙwanson ƙarya. Ka ƙirga murɗinsa, sa'an nan ka ja siffarsa da fensir sannu.

Na biyu, ka nemi inda haske ya faɗa, inda ƙwanson ya ke ƙyalli. Nan ba za ka sa kome ba. Farin takarda shi ne ƙyallin. Ka kewaye shi, ka tsare shi.

Na uku, ka soma da launi mai ruwa ruwa, ka bar shi ya bushe. In ya bushe za ka ga ya rage ƙarfi. Sa'an nan ka ƙara wani a bisansa, kana bi daga haske zuwa duhu. Ɗige-ɗige da inuwa su ne na ƙarshe. Wanda ya yi garaje ya sa launi bisa ɗanye, sai su gauraye su zama taɓo.

Ƙwanso yana jiranka har gobe. Mai rai fa? Ƙaguwa ba ta tsayawa, tsuntsu ya tashi, kifi kuwa da an fisshe shi daga ruwa launinsa ya soma dushewa. Nan ne fentin ruwa ya ke da amfani ƙwarai, gama kayansa ba nauyi, yana kuwa bushewa da sauri.

Ga misali. A shekara ta 1585 waɗansu jiragen ruwa suka tashi daga Ingila zuwa tsibirin Roanoke, a gaɓar ƙasar da a yau a ke kira Amurka. A cikinsu akwai wani mai zane, sunansa John White. A zamanin nan babu na'urar ɗaukar hoto. Abin da idonsa ya gani, hannunsa kuma ya sa a takarda, shi mutanen gida za su gani. A hanya da can gaɓar ya zana kunkurun teku, da kan kwasakwasa, da kifi mai fiffike, da ƙaguwar tudu. Ya zana kuma wata irin ƙaguwa mai taushin ciki, wadda ba ta da sulke a bayanta. Takan shiga ƙwanson da mai shi ya mutu ya bari, in ta yi girma ta nemi wani. White ya nuna ta tana leƙowa daga gidan aro. Da shi ke ya duba da kyau, masana na yau suna gane irin halittu da yawa cikin zanensa.

Ruwa ne ya yi zanen nan, ruwa kuma ya kusa hallaka shi. A 1865 gobara ta kama wani gidan gwanjo a Landan inda aka ajiye littafin zanen. Ruwan kashe wuta ya jiƙa shi, launi ya like bisa takardun da ke tsakani, gama ƙaro yakan narke in ya sake samun ruwa. Duk da haka zanen ya tsira. A 1866 babban gidan kayan tarihi na Birtaniya ya saye shi, yana can har yanzu.

Ka gani, abokina? Gwanintar White ba ta hannu kaɗai ba ce. Da ya zana abin da ya ke tsammani, ko abin da matuƙan jirgi suka faɗa masa, da yau ba wanda zai amince da takardunsa. Gani ya kori ji, amma sai ganin mai gaskiya.

Kai ma kana iya gwadawa, ko kana nesa da teku. Da damina ka nemi katantanwa a bakin tafki. Ka ajiye ta inda haske ya ke zuwa daga gefe guda. Kada ka ɗauki buroshi tukuna. Ka zauna, ka dube ta, har ka san murɗinta nawa ne, bakinta kuma wane hannu ya ke. Bayan wannan ka jiƙa launinka.

Ka huta lafiya, sai mun sake saduwa.