Takardar Wisiye Ba Hukuncin Alƙali Ba Ce: Yadda Aka So Ɗora Wa Mai Shanu Kuɗin Haɗarin Mota

Jama'a 'yan'uwa fatake, a wannan fitowa mun ajiye zancen farashin kasuwa da na duwan, domin mu taɓo wata magana da ke ci wa da yawa daga cikinmu tuwo a ƙwarya, wato takardar neman biyan kuɗi da kan biyo bayan haɗarin mota. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne wani al'amari da ya sami ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu a 'yan shekarun baya, tun kafin Nijar ta fice daga CEDEAO. Ya yarda mu ba da labarinsa, amma da sharaɗin kada a ambaci sunansa.

Shi dai Alhajin nan ya haɗa shanunsa a Maraɗi, dillalin mota ya samo masa wata tirela mai lambar Najeriya wadda ta sauke kaya za ta koma wofi. Aka yi ciniki, aka yi lodi, mota ta kama hanyar Kano bayan magariba. Ba a kai Ɗan Isa ba direba ya yi karo da wata akori-kura da ta lalace, aka bar ta rabi a kan kwalta rabi a ƙasa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma karen motar akori-kurar ya karye a ƙafa, shanu huɗu kuma sai da aka sa musu wuƙa nan take, mahauta suka saye su yadda suka ga dama. Direban tirela ya shiga daji don tsoron duka, bai fito ba sai da ya hango jandarmomi.

Alhaji yana biye a ƙaramar mota, don haka shi jama'a suka gani, shi suka yi wa ca. Ya ciro jikka 100 ya ba da a kai yaro asibiti, ya faɗi sunansa da unguwarsu. Can wani ya fito da takarda rubuce da Faransanci, ya ce ya sa hannu don kowa ya kama gabansa. Alhaji ya ce shi ba ya sa hannu a abin da bai iya karantawa ba. Aka yi ta cacar baki, ya ƙi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan wata biyar, ana zaune ƙalau, sai ga wisiye a ƙofar gidansa da takarda mai hatimi. Mai akori-kura yana neman sefa miliyan 4 da jikka 600, a biya cikin kwana takwas, in ba haka ba a ɗauki mataki. Cikin lissafin akwai gyaran mota, da kuɗin kwanakin da ta yi ba ta aiki, da kayan da aka ce sun lalace, da kuɗin asibiti. Gida ya rikice. 'Yan'uwa suka ce a sayar da shanu a biya, kada a ji sunan dattijo a gidan shari'a. Ashe har ya yi wa dillalinsa magana a fitar da bijimai kasuwa, sai wani abokin fataucinsa ya ce masa, “Haba Alhaji, ka biya ta ofishin ƙungiya mana tukuna, ai ba a yi ta don karɓar kuɗin wata kaɗai ba.”

Da ya zo, muka sa aka karanta masa takardar kalma bayan kalma. Ya ce, “To Malam Sakatare, yanzu ke nan alƙali ya yanke?” Aka ce masa, “Ranka ya daɗe, alƙali bai ma san da zancen ba.” Abin da wisiye ya kawo sanarwa ce ta cewa wane ya ce yana bin ka kaza. Duk mai kuɗin biyan wisiye yana iya sa a kai wa kowa irinta. Hatimin yana tabbatar da cewa takarda ta iso hannunka, ba ya tabbatar da cewa ana bin ka bashi. Amma fa wannan ba dalilin jefa ta ƙarƙashin katifa ba ne. Shiru shi ke ba mai nema ƙarfin gwiwa.

Tambayar farko da muka yi ita ce, wa doka ta ɗora wa ɓarnar da mota ta yi? A dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, wanda abu ke ƙarƙashin ikonsa shi ke amsa ɓarnar abin, ubangida kuma yana amsa ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Alhaji ba shi da tirela, ba shi ya ɗauki direba aiki ba, ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Kuɗin ɗaukar kaya ya biya, kamar wanda ya shiga motar haya. To mene ne ya kawo takarda gidansa? Amsar ba ta da wuya: mai tirela yana ƙetaren iyaka, shi kuwa Alhaji an san ƙofar gidansa, an kuma san yana da shanu. Inda katanga ta gajarta nan ake ƙetarawa.

Alhali kuwa saboda irin wannan matsala aka ƙirƙiro katin inshorar nan na CEDEAO, wanda direbobinmu ke kira Kart Burun, na Najeriya kuma su ce Burawun Kad. An sa hannu a yarjejeniyarsa a Kwatano a watan Mayu na 1982, babban ofishinsa yana Lome, kowace ƙasa kuma an kafa mata ofishinta. Yadda aka tsara shi ne, in motar wata ƙasa ta yi ɓarna a wata ƙasar, wanda aka yi wa ɓarna ba sai ya tsallaka iyaka neman mai mota ba. Ofishin ƙasar da haɗarin ya auku shi zai karɓi kokensa, ya bincika bisa dokar wannan ƙasa, sa'an nan ya daidaita da ofishin ƙasar da ta ba da katin. A nan ke nan, ƙofar da ta kamata mai akori-kura ya ƙwanƙwasa tana Yamai.

Muka nemi takardar kwansta daga wajen jandarmomi. Dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995, kuma Nijar da Kamaru da Cadi da Benin da Togo duk suna cikinta, ta ce in haɗari ya taɓa lafiyar mutum, jami'an da suka yi kwansta su aika wa kamfanonin inshora kwafinsa cikin wata uku. Da muka samu kwafin, sai ga lambar katin tirela a ciki, kwanakinsa ba su ƙare ba. Sai kuma ga wani abu da takardar wisiye ba ta ambata ba ko da wasa: an rubuta cewa akori-kurar ba ta kunna wuta ba, ba a kuma sa alamar da doka ta ce a sa a bayanta ba, in ban da 'yan ganyaye da aka zuba dab da ita.

Sa'an nan muka rubuta amsa, gajeriya, ba zagi ba barazana. Muka ce Alhaji bai yarda ana bin sa ko dala ba, domin shi mai kaya ne ba mai mota ba. Muka ba da lambar tirela da sunan kamfanin inshorarta da lambar kati, muka nuna inda za a kai koke. Muka ce jikka ɗarin da ya bayar taimako ne ga yaron da ya ji ciwo, ba kafin alƙalamin wani bashi ba. Muka kuma nemi a kawo hujjar kowane layi na lissafin. Aka kai ta hannun wisiye, aka sa hannu an karɓa, muka ajiye kwafi. Duk wannan kafin kwana takwas ɗin su cika.

Yanzu mu koma ga takardar bakin hanya da Alhaji ya ƙi sa wa hannu, domin a nan ne ya tsira. A ƙasashen da ke bin dokokin OHADA, wato su Nijar da Kamaru da Cadi da Benin, ban da Najeriya da Gana, akwai wata gajeriyar hanyar karɓo bashi. Mai bin bashi zai kai takardunsa gaban alƙali, ba tare da an kira ka ba, ya samo umurnin biya. Amma an keɓe wannan hanya ga bashin da ya taso daga yarjejeniya ko caki da makamantansu, wanda adadinsa ya tabbata kuma lokacinsa ya yi. Ɓarnar haɗari da ake jayayya a kanta ba ta shiga nan. To amma ranar da ka dangwala yatsa a takardar da ta ce “na yarda zan biya wane kaza”, ka miƙa masa abin da zai kai wa alƙali da hannunka. In irin wannan umurni ya iso maka, shi kam ba sanarwa ba ce. Dokar 1998 ta ba da kwana 15 a shigar da ƙin yarda, wadda aka gyara a 2023, ta fara aiki a Fabrairu na 2024, ta rage su zuwa kwana 10. Falken da ya tafi Legas da kaya ya dawo bayan mako biyu, yana iya tarar da lokaci ya wuce. Don haka ku gaya wa iyali, duk takarda mai hatimi da ta zo ba kwa nan, a kira ku a waya a ranar.

Kada a ce mun ce mai akori-kura macuci ne. Motarsa ta lalace da gaske, yaronsa ya kwanta da gaske, shi ma abin da yake ci da iyali ke nan. Sai dai da kamfani ya turo gwanin ƙiyasin ɓarna, an ga takardar gareji ta haɗa har da gyaran inji, alhali lalacewar injin ce ta tsayar da motar tun kafin a buge ta. Kayan da aka ce sun salwanta kuwa babu rasiɗinsu, kwansta ma bai ambace su ba. Aka raba laifin lalacewar motar tsakanin direbobin biyu, aka biya jinyar yaro da diyyarsa. Abin ya ɗauki fiye da shekara, kuma mu ma ba mu yaba wannan jan ƙafa ba, don shi ke sa mutane su bar kamfani su kama na kusa. Alhaji dai bai ƙara ko dala ba.

Akwai inda mai shanu ba shi da mafita, gara mu faɗa. In dabbobinka ne suka yi ɓarnar, kamar a ce ana kora su a ƙasa suka faɗa kan titi, ko sa ya ƙwace wajen saukewa ya kayar da mai babur, to doka a kanka take, ko a kan wanda dabbar ke hannunsa. Nan sai a zauna a yi sulhu, a rubuta, a sa shaidu. Ko a nan ɗin ma ba a biyan adadi don kawai an faɗe shi da ƙarfi.

Masu motar kansu a cikinmu kuma, su san cewa dokar CIMA ta yarda kamfani ya sa sharaɗin cewa duk amsa laifi ko sulhun da aka yi ba da saninsa ba, ba ruwansa da shi. Kana iya faɗin abin da ya faru, wannan ba amsa laifi ba ne, amma alkawarin biya a bakin hanya daga aljihunka zai fito. Ku duba wa'adin sanar da kamfani da ke cikin takardarku. Doka ta ce kada ya gaza kwanakin aiki 5, amma in inshorar mutuwar dabba ce, ko sata, awa 48 ne kacal. Takardun haɗari kuma a adana su, tunda ana iya tayar da ƙara har shekara 5 daga ranar da ya auku.

Ga masu shiga Najeriya, tun daga Janairu na 2023 hukumar inshorar ƙasar ta sa iyakar abin da inshorar dole ke biya na ɓarnar dukiya a naira miliyan 5 ga manyan motocin haya, miliyan 3 ga ƙananan motocin gida. Abin da ya haura, mai mota ake bi. Masu bin Garwa da Marwa da Njamena su tuna Kamaru da Cadi ba sa cikin CEDEAO, nasu katin shi ne Kart Roz na CEMAC. Sa'an nan tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu na 2025, kada kowa ya wadatu da ganin kati a hannun direba. A tambayi kamfanin da ya bayar da shi ko zai biya a ƙasar da za a bi, a kuma sa ya rubuta.

Saura zancen shanun Alhaji huɗu. Da komai ya lafa, ya ce, “To ni fa, Malam, wa zai biya ni?” Nan muka yi shiru, don amsar ba ta da daɗi. Inshorar dole da katin CEDEAO na wanda mota ta buge ne, ba sa biyan kayan da ke cikin motar da aka yi wa inshorar. Wannan magana ce tsakanin mai kaya da mai mota, shi kuwa cinikin nasu da baki aka yi shi a tasha, babu ko guntun takarda. Sai da muka aika wakilai biyu Katsina, suka zauna da shugabannin direbobi da dillalin da ya haɗa su, kafin mai tirela ya yarda da kuɗin shanu biyu, ya biya kashi uku.

Tun daga lokacin muka buɗe littafi a ofis. Duk wanda zai yi lodi ya turo yaro da hoton kart giris, da parmin direba, da takardar inshora da kati, da lambar wayar mai motar kansa ba ta dillali ba. Akwai kuma takardar yarjejeniyar ɗaukar kaya mai shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, wadda ta faɗi yawan shanu da wanda zai ɗauki asara in an yi haɗari. Tana hannun sakatare, ana karɓa kyauta kowace ranar kasuwa.