Jiƙon Ɗaci a Zangunan Accra

Wanda ya ratsa layin masu kayan ƙamshi a Kasuwar Makola, ko kasuwar Nima ranar Laraba, zai ga ɓawon itace ja an ɗaure shi dami-dami kusa da kimba da kanumfari da citta. Wannan ɓawo na maɗaci ne, kuma shi ne ginshiƙin maganin ciki da mutanen Gana ke kira "bitas". Bahaushe yana da sunaye biyu da suka fi dacewa da shi, wato jiƙo da tsimi.

Kalmomin sun cancanci a tsaya a kansu. Jiƙo daga aikatau jiƙa ya fito, tsimi kuwa daga tsima, wato barin abu cikin ruwa har ƙarfinsa ya fita. Ɓawon da aka sara daga jikin itace shi ne sassaƙe, abin da aka tono daga ƙasa kuma saiwa. Sai dai ɗalibi ya yi hattara da tsimi, domin a Kano kalmar takan nufi abin da 'yan tauri ke sha, ko wani haɗi na matan aure. Jiƙo ya fi tsira daga kuskuren fahimta.

Kayan haɗin kusan ɗaya ne a duk birnin. Abin da ya bambanta shi ne ruwan da ake jiƙawa a ciki. Galibi a mashaya ana cusa sassaƙen a kwalba a zuba masa akpeteshie, barasar da ake tatsa daga bammi ko rake, wadda Turawan mulki suka haramta, aka halatta ta a 1962. A kan wannan al'ada kamfanin Kasapreko ya gina Alomo Bitters. Mazauna Nima da Maamobi kuwa yawancinsu Musulmi ne, saboda haka ruwa suke amfani da shi, kuma wannan canji ɗaya ya sauya aikin gaba ɗaya.

Barasa tana janye ɗaci da man ƙamshi daga itace ba tare da wuta ba, tana kuma hana ruɓewa, shi ya sa kwalba kan yi watanni. Ruwa ba ya yin ko ɗaya da kyau. Don haka mai haɗawa takan kankare bayan sassaƙen, ta wanke shi, ta farfasa ƙanana, sannan ta ɗan daka kimba da citta da kanumfari don su buɗe. Wasu kan ƙara saiwar tafashiya ko ganyen shuwaka, wasu kuma prekese, wani ɗan itace mai ƙamshi da aka koya daga maƙwabta Asante. Sai a tafasa har ruwan ya yi ja, a bar shi ya kwana, a tace da tsumma mai tsabta. Ɗan ƙaramin kofi ake sha kafin abinci ko bayansa, don kumburin ciki ko rashin sha'awar abinci. Hikimar a fili take: ɗaci a kan harshe yana tsinka yawu, yana kuma motsa ruwan da ke narkar da abinci.

Matsalar tana zuwa ne bayan kwana biyu ko uku. A zafi da laimar Accra jiƙon ruwa yakan yi yauƙi ko tsami, kuma ɗacin maɗaci yana ɓoye canjin ɗanɗano. Idan an sa zuma ko sukari don rage ɗaci, zai iya fara tsimuwa ya kama hanyar abin da aka guje wa tun farko. Masu lura kaɗan-kaɗan suke dafawa, su ajiye a firji.

Akwai kuma batun ƙima. Ana yawan ɗauka cewa iya ɗaci iya magani, alhali ƙarfin sassaƙe ya danganta da shekarun itacen da yadda aka shanya shi. Tun 1975 Gana take da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong-Akuapem, kuma maganin da za a sayar a kwalba sai hukumar abinci da magunguna ta yi masa rajista. Tukunyar gida ba wanda ke auna ta. Shi ya sa ake hana mai juna biyu da ƙananan yara da mai gyambon ciki sha, kuma mai shan maganin suga ko na hawan jini ya fara tambayar likita.